Kafin ka miƙa taya, tambayi daɓen

Jiya bayan matar nan da ta zo sayen tayoyin takalmi mai taya ta fita ka ce da ni: "Maigida, ta zo da kuɗinta a hannu, ta ce a ba ta taya mai lamba 99, wadda ta fi gudu a shagon nan. Me ya sa ka ce ta je ta dawo Alhamis? Ba mai babbar lambar ce ta fi kyau ba?" Ban tanka maka ba a lokacin don akwai mutane a kanta. Yanzu ajiye sifanar nan, jawo benci ka zauna.

Lambar da kake gani a jikin taya, 84A, 91A, 99A, ba makin jarrabawa ba ne. Tauri take nunawa, shi ke nan. Akwai wani ɗan ma'auni mai allura da ake dannawa a jikin roba, wanda wani Ba'amurke mai suna Albert Shore ya ƙirƙiro. Idan allurar ta nutse sosai lamba ta yi ƙasa, idan roba ta ƙi ba ta hanya lamba ta hau. Tayar mota tana wajen 65 zuwa 70 a wannan ma'auni. Tayoyin takalmi na yawo a titi 78A ne, masu laushi, su haɗiye tsakuwa su wuce. Na rola dabi kuwa, wato wasan da ƙungiya biyu ke zagaya fage a kan takalmi mai taya suna tare wa juna hanya, yawanci daga 84A suke farawa su tafi har 99A. Ma'aunin ma a 100 ya tsaya, saboda haka idan ka ga an rubuta 101A ko 103A, maganar kamfani ce, yana nufin "ta yi tauri ƙwarai". Kuma 93A ɗin wannan kamfani ba lallai ta zama 93A ɗin wancan ba, don kowa da irin haɗin robarsa. Ka riƙa danna farce kana ji da hannunka.

Kai da ka yi aikin faci a gida kafin ka zo unguwar Bronx ta birnin New York, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Keken da zai shiga rairayi ana rage masa iska, wanda zai hau kwalta a cika shi tam. Taya mai laushi tana lotsawa ta kama ƙasa, amma tana cin ƙarfin ƙafa. Mai tauri ba ta lotsawa, tana gangarawa da sauƙi, amma ba ta riƙo. Babu wadda ta fi wata sai ka san inda za a taka.

Inda za a taka ɗin nan shi ne duk maganar. Lokacin da wani mai shirya wasanni, Leo Seltzer, ya fara wasan rola dabi a Chicago a 1935, da shekarun da suka biyo baya, fage ake ƙerawa na musamman, mai karkata a kwana, su kwance shi su tafi da shi gari-gari. Da mata suka farfaɗo da wasan a Austin ta jihar Texas a farkon shekarun 2000, sai wasu daga cikinsu suka koma daɓe shimfiɗaɗɗe: igiya da salatif kawai, a zana fage a ƙasa. Wannan ne ya sa wasan ya bazu duniya, don duk inda aka sami fili mai rufi an sami fage. Shi ne kuma ya jawo mana aiki. Wannan ƙungiya tana atisaye a tsohon sito mai siminti, waccan a zauren ƙwallon kwando na makaranta, wata a filin wasan ƙanƙara da aka narkar da ƙanƙararsa lokacin zafi, wata a kan fale-falen roba da ake harhaɗawa. Taya ɗaya ba za ta yi musu duka ba.

Simintin da aka goge ya yi sheƙi, ga ƙura a kai, santsi gare shi kamar an zuba karkashi. Nan sai mai laushi, 84A zuwa 88A. Katakon da aka shafe da sabon fenti mai ƙyalli yana kama taya kamar ƙaro, nan 95A zuwa sama. Fale-falen roba suna tsakiya, 91A zuwa 95A, ko da yake su ma iri-iri ne. Kuma daɓe ɗaya yana canja hali. Watan Janairu a garin nan, zaure ba ɗumi, roba ta ƙanƙame, tayar da ta kama a Yuli sai ta riƙa zamewa. Shi ya sa duk 'yar wasan da ta daɗe za ka ga jakarta da saiti biyu ko uku.

Na tambayi matar jiya a ina suke atisaye, ta ce watanta biyu da shiga, ba ta lura ko siminti ne ko katako ba. To me zan sayar mata? Na ce ta je atisayen Laraba, ta dubi ƙasa, ta tambayi biyu daga cikin tsofaffin 'yan wasa masu jiki irin nata lambar da suke takawa.

Na ce masu jiki irin nata, don nauyi shi ne abu na biyu. Taya ba ta kamawa sai an danne ta. Mai kilo 50 idan ta hau 97A, tayar ba ta ma san an hau ta ba, sai ta riƙa yawo a saman daɓe. Mai kilo 95 idan ta hau 86A a daɓen nan dai, sai ta ji kamar cikin taɓo take tafiya, kafin a je hutun rabin lokaci cinyoyi sun mutu. Matar jiya 'yar firit ce, ka gan ta. Ba a tambayar mace nauyinta a gaban jama'a, ka koyi aunawa da ido.

Ni ma na yi irin abin da ka so yi. Shekarata ta farko a wannan sana'a, wata yarinya ta zo neman "mai gudu", na ɗauko mafi tauri kuma mafi tsada na ba ta, ina jin na yi ciniki. Bayan kwana huɗu ta dawo da ɗingishi, ta ajiye min su a kanta. Sito suke atisaye, lokacin sanyi, kowace kwana sai ƙafa ta kwashe ta. Na karɓi tayoyi takwas da ba za su sake sayuwa a matsayin sababbi ba, maigidana na lokacin ya cire a albashina.

Kada kuma ka ɗauka cewa laushi shi ne zaman lafiya. Nan ne masu koyo suke faɗawa rami na biyu. Wasan nan ba tsere ba ne kawai. Kowace ƙungiya mutum biyar take sakawa: ɗaya mai tauraro a hula, ita ke cin maki idan ta wuce abokan hamayya, huɗu kuma masu tare hanya. Zagaye ɗaya ba ya wuce minti biyu, kuma mafi yawansa turereniya ce da cin birki. Birkin nan da gefen taya ake yin sa: a buɗe ƙafa, a karkato yatsu ciki, a bar taya ta goge ƙasa. Dole ta ɗan zame kafin ta tsaya. Idan ta cika danƙo ba za ta zame ba, sai ta cije nan take ko ta riƙa tsalle tana kar-kar-kar, jiki ya wuce ƙafa ta tsaya, idon sawu da gwiwa su biya bashin. Don haka tambayoyi biyu nake yi wa duk wadda ta dawo da ƙorafi. Kina zamewa a kwana idan kin tura? Mu sauka lamba biyu ko uku. Birki yana ƙin tafiya sumul? Mu hau. Abin da ake nema shi ne mafi taurin da za ta iya riƙewa ba tare da ta zame ba.

Wani lokaci amsar ba lamba ɗaya ba ce. Hagu ake zagaya fage kullum, saɓanin hannun agogo, saboda haka tayoyin gefen hagu na kowane takalmi su ke ɗaukar turi. Da yawa sukan sa huɗu masu laushi a hagu, huɗu masu tauri a dama, misali 88A da 93A. Abin da ya sa ake sayar da su huɗu-huɗu ke nan a fakiti. Sharaɗi ɗaya: tsayinsu ya zama daidai. Ka haɗa milimita 59 da 62 a takalmi guda, ka yi kujera mai gajeriyar ƙafa.

Tsayi da faɗi ba su da wuyar sha'ani. Mai 62 tana riƙe gudu idan ta ɗauka, mai 59 ta fi saurin tashi, ta fi sauƙin nauyi, kuma tana kusantar da mutum ƙasa. Faɗi 44 ya fi natsuwa ga mai koyo, 38 ya fi sauƙin juyi kuma ba ya yawan karo da tayar wata a cikin cunkoso. Yanzu yawancin masu zuwa nan 59 da 38 suke nema, ni ma can na fi karkata. Cibiyar taya kuwa, ta nailan tana ɗan lanƙwasa, ta ƙara riƙo. Ta alminiyom ba ta lanƙwasa, sai taya ta ji kamar ta fi lambarta tauri. Mai jiki ta fi morar alminiyom. Ga 'yar firit ɓarnar kuɗi ce.

Sai boris. Biyu ne a kowace taya, sha shida a takalmi biyu. Kafin ka buɗe fakiti auna aksul, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kai: mai milimita 8 boris 608 yake ci, mai milimita 7 kuma 627. Daga waje girmansu ɗaya, milimita 22, duka za su shiga taya lafiya lau, sai ka zo sakawa a aksul ka ga ɗaya ya ƙi shiga ko yana rawa. Lambar ABEC da kwastomomi ke tambaya daidaiton ƙira take nunawa, ba gudu ba. Boris mai araha da ake wankewa ana ɗiga masa mai ya fi mai tsada da gashi ya naɗe. A cibiyar alminiyom kada ka buga shi da guduma, yi amfani da matsi. Noti kuma ka ɗaure har taya ta daina kaɗawa gefe da gefe, sannan ka ɗan sassauta har ta juya da kanta. Na ga naka na shekaranjiya, ka ɗaure su kamar na tayar tirela.

Idan ta zo Alhamis kai za ka tare ta, ni ina daga ciki ina ji. Tambaye ta daɓen, tambaye ta abin da sauran suka ce. Idan siminti ne fara nuna mata 88A, idan katako ne 91A ko 93A, tunda 'yar firit ce. Akwai tsofaffin saiti a akwatin ƙarƙashin kanta, wanke guda biyu da ruwan ɗumi da sabulu, cire boris tukuna, ka ba ta aro ta gwada sati ɗaya. Rubuta lambobin a littafi da ranar da za ta maido.