Amsa kan yadda homon ke taɓa bugun zuciya

Ɗan'uwa na Garwa da ka tambaya me ya sa malaminku ya ce tazarar QT (lokacin da zuciya ke ɗauka daga harba wuta zuwa hucewa) a hoton zuciya na ECG ta fi tsawo a mata, ai maganar tana wajen ƙofofin fotasiyam ne. Kowace ƙwayar tsokar zuciya in ta harba wutarta, sai fotasiyam ya fita ta waɗannan ƙofofi kafin ta huce ta shirya bugu na gaba, in ƙofofin sun yi kaɗan hucewar ta daɗe, QT ya yi tsawo.

To homon irin su testosteron da na tayirod ba a bakin ƙofa kawai suke aiki ba, shiga cikin ƙwayar suke yi su kama mai karɓarsu su je kan DNA su sa a ƙera ƙofofin da yawa ko a rage, shi ya sa aikin ba nan take ba ne, yana cin awoyi ko kwanaki. Yara maza da mata QT ɗinsu kusan ɗaya ne, da balaga testosteron ya hau sai na maza ya gajarta. Homon tayirod ma yana ƙara wasu ƙofofin kamar Kv1.5, mai yawan wannan homon zuciyarsa na ta gudu har ta rikice.

Abin da ni na fi damuwa da shi kuwa, kinin da kulorokin suna toshe wata ƙofar fotasiyam mai suna hERG sai QT ya ƙara tsawo, ga amai da gudawa na zubar da fotasiyam, mata sun fi shiga haɗari, amma kullum ana sayen su a kasuwa ba takardar likita.