Kayan ɗaki masu naɗewa: shin kafinta ya ci bashi ya cika shago da su?

Wani kafinta daga Kano ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina da shago da yara biyu, kuma na tara naira 900,000. Masu zaman haya a ɗaki ɗaya ko ciki da falo suna yawan tambayata gadon da ake naɗewa a jingine da bango, da tebur mai naɗewa, da akwati mai ɓoyayyar ma'ajiya inda ma'aurata za su adana kayansu na sirri ba tare da yara ko baƙi sun gani ba. Ina so in karɓo bashin naira miliyan 2 in haɗa da nawa, in yi kaya da yawa in baje a gaban shago. Me kuke gani?"

Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Buƙatar da ka hango gaskiya ce, domin kuɗin haya ya matse mutane a ɗakuna ƙanana, kuma duk wanda ɗakin kwanansa shi ne falonsa ya san darajar taku biyu na fili. Amma shawarata ita ce kada ka ci wannan bashin yanzu, kuma kada ka tara kaya kana jiran mai saye. Ka fara da aikin da aka ba ka oda aka biya kafin alƙalami, ka riƙe mafi yawan jarinka a hannu.

Ya kamata ka fara tantance wanda zai sayi wannan kaya. Babbar kasuwar gado a ƙasar Hausa ita ce ta kayan ɗakin amarya, kuma iyayen amarya ne ke biya. Abin da suke nema shi ne gado babba da sif da madubi waɗanda za su cika ido ranar jere, don haka gadon da amfaninsa shi ne ya ɓace daga gani da rana ba zai samu karɓuwa a wurinsu ba, ko da ɗakin da za a kai yarinyar ƙarami ne. Masu sayenka su ne ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki, da ɗalibai, da masu yi wa ƙasa hidima, da samarin da ba su yi aure ba, da teloli da masu shaguna da ke kwana a wurin sana'arsu, sai kuma ma'auratan da suka haihu ɗaki ya yi musu kaɗan. Waɗannan mutane aljihunsu ba shi da zurfi, kuma kowanne da girman ɗakinsa da girman katifarsa. Gadon da ka yi wa katifa mai faɗin ƙafa huɗu da rabi ba zai yi wa mai katifa shida da shida amfani ba, kuma idan ka yi guda goma kafin ka auna ɗakin kowa, to ka mayar da kuɗinka katako yana shan ƙura a bakin titi.

Daga cikin kayan uku da ka ambata, gadon bango shi ne mafi jan hankali, kuma shi ne mafi haɗari ga jarinka. Asalin irinsa da ya shahara a duniya ya fito ne daga birnin San Faransisko na Amurka a farkon ƙarni na 20, ta hannun William Murphy, kuma tsarinsa ya dogara da abu biyu: na'urar da ke rage nauyin gadon lokacin ɗagawa da saukewa, da kafe jikinsa a bango ko a ƙasa da noti masu ƙarfi. Dukkan biyun suna da matsala a wurinmu. Na'urar daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin canjin dala, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Bangon gidajen haya kuwa yawanci bulo ne mai rami a ciki, wani ma siminti bai ishe shi ba, ta yadda noti zai kama yau ya saki bayan wata uku. Ga shi kuma masu gida da yawa ba sa yarda ɗan haya ya huda musu bango. Gadon da ya suɓuce ya faɗo a kan yaro ba asarar kuɗi kaɗai zai jawo maka ba, zai iya kai ka gaban hukuma. Idan har za ka yi gado mai naɗewa, ka fara da wanda ke tsaye da ƙafafunsa, mai firam ɗin ƙarfe da ke ninkewa biyu, ka sa masa sakata mai ƙarfi da ƙaramin yaro ba zai iya zarewa ba. Ka haɗa kai da mai walda ɗaya da ka yarda da aikinsa, ku yi yarjejeniyar biya a kan kowane firam, maimakon ka sayi injin walda da janareta da kuɗin da ba ka mayar ba tukuna.

Inda nake ganin ribarka take shi ne ƙananan kaya: tebur mai naɗewa, da benci mai ma'ajiya a ciki, da akwatin ƙarƙashin gado. Jarinsu kaɗan ne, suna shiga a-daidaita-sahu ɗaya, kuma ba sa buƙatar ka je gidan mai saye ka kafa. A nan ne lissafin yanka yake raba mai riba da mai wahalar banza. Filawud yana zuwa ne a faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Idan ka tsara saman teburinka ya zama ƙafa 2 da ƙafa 4, falle ɗaya zai ba ka guda huɗu, in ban da ɗan abin da bakin zarto ya ci. Idan ka ƙara faɗin ya zama ƙafa biyu da rabi, guda uku za ka samu, ragowar kuma siririn yanki ne da ba ya aikin komai, alhali mai saye ba zai ƙara maka kuɗin da ya kai wannan asarar ba. Saboda haka ka zauna da takarda da biro ka fitar da awo biyu ko uku da ke cinye fallen gaba ɗaya, ka tsaya a kansu, wanda yake son wani awo dabam ya biya kuɗin ƙari.

Kayan da ake naɗewa ana buɗewa kullum a gaɓoɓinsu suke mutuwa, don haka kada ka yi tsimi a wurin hinji da sukuru. Allon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam, yana da arha da kyan fuska, amma yana kumbura idan ya sha ruwa, kuma sukuru ba ya daɗewa a gefensa idan ana yawan motsa shi. Ka sa katako na gaske a duk inda hinji zai zauna. Idan ka je 'Yan Katako a Na'ibawa, ka nemi busasshen katako ko da ya fi tsada, domin ɗanye zai ƙanƙance da hunturu ya karkace, murfin da ke rufuwa daidai a watan Agusta ya ƙi rufuwa a Janairu. Hinji da makulli kuwa ka saye su da yawa lokaci guda a Ƙofar Ruwa, domin su ne kaɗai abin da na yarda ka tara.

Batun ɓoyayyar ma'ajiya yana da hukunci nasa. Wanda ya zo neman wurin adana kayansa na sirri, ko na tsakaninsa da iyalinsa ne, ko takardun fili, ko gwal ɗin matarsa, rufin asiri yake saye. Kada ka tambaye shi abin da zai ajiye, ka tambaye shi tsawo da faɗi da nauyi kawai. Kada ka ɗauki bidiyon yadda ake buɗe ma'ajiyar ka sa a Facebook ko TikTok don talla, domin ka koya wa ɓarawo da yaran gida hanyar ke nan. Ka nuna akwatin a rufe, ka riƙa sauya wurin maɓuɗin daga aiki zuwa aiki, ka haɗa wannan sashen da hannunka ba yaran shago ba, sannan ka miƙa makullan duka ga mai shi. Irin wannan aiki ana iya ɗora masa riba fiye da sauran, kuma masu sayensa su ne ke turo 'yan'uwansu a asirce.

Game da farashi, ka lissafa katako, da ƙarfe, da hinji, da fenti, da man janareta, da kuɗin dako, da ladan yara, da ladan kanka, sannan ka ɗora riba a kai. Kafintoci da yawa suna mantawa da ladan kansu, sai su ɗauka riba suka ci alhali kuɗin guminsu ne. Kafin alƙalamin da za ka karɓa ya kasance ya biya kuɗin kayan aiki gaba ɗaya, kuma ka sayo su a ranar ko washegari, domin a shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, kuma wanda ya riƙe kuɗin oda mako uku yakan tarar kasuwa ta wuce shi. Ka rubuta awo da farashi da ranar bayarwa a rasit, kowa ya riƙe kwafi. Wannan ciniki na biyan kuɗi a ƙera maka abu sananne ne a fiƙihu da sunan istisna'i, kuma sharaɗinsa shi ne a fayyace siffar kayan tun farko.

Daga cikin naira 900,000 ɗinka, ina ganin kada ka kashe fiye da kashi ɗaya cikin uku wajen yin samfuri ɗaya na kowane kaya da sayen hinji da makullai. Ka yi wa sana'arka rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe mata asusu dabam da naka, duk kuɗin oda ya riƙa bi ta ciki. Idan ka yi wata shida odar da ke hannunka ta fi ƙarfin abin da kai da yaranka za ku iya gamawa a kan lokaci, sai ka ɗauki bayanan asusun nan ka je bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz ko TAJ, ka nemi su saya maka injin yanka ta hanyar murabaha, wato su saya su sayar maka da ribar da kuka amince a kanta, ka riƙa biya daga cinikin da ka riga ka tabbatar da shi.