Tambaya da Amsa: Yaya masu kiɗan rok ke naɗar waƙa a situdiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗan taɓa aikin situdiyo a Damagaram. Mu dai yadda muka saba, mai fiyano ya haɗa kiɗa a kwamfuta, mawaƙi ya shiga ya ɗora murya, a tace, shi ke nan. To su masu kiɗan rok irin su Bombino, da ke da mai ganga da masu jita biyu ko uku, yaya suke yi? Tare suke shiga ɗaki su kaɗa, ko ɗaya bayan ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun ana yi, kuma galibi gwama su ake yi: a naɗi tushen waƙar ana kaɗawa tare, sauran kuma a yi ta ɗorawa daga baya. Bambancinsu da aikinka shi ne, kai gangarka tana cikin kwamfuta an riga an gyara ta, su kuwa tasu ta gaske ce, tana cikin ɗaki, kuma ɗakin ma yana da tasa muryar. Kusan duk wahalar aikin daga nan take tasowa.

Tun kafin a zo situdiyo an gama gardama a wurin gwaji: saurin waƙar, inda amshi zai shigo, inda jita za ta yi nata. Kuɗin situdiyo da awa ko da yini ake biya, ba wurin shawara ba ne. Masu jita su sa sababbin tsirkiyoyi, mai ganga ya sauya fatu ya ɗaure su daidai.

Ganga ce ke cin lokaci. Injiniya zai iya kashe rabin yini bai naɗi komai ba, yana jera makirfo kawai. Ɗaya cikin babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, ɗaya a kan ƙaramar nan mai ƙara, wani lokaci da wani a ƙarƙashinta, kowace ta gefe da nata, biyu a sama suna kama farantan ƙarfe, sannan ɗaya ko biyu can nesa don su ɗauko amon ɗakin. Takwas zuwa goma sha biyu ba abin mamaki ba ne. Sai a ce wa mai ganga ya yi ta buga guda ɗaya, tam, tam, tam, injiniya na bayan gilashi yana saurare, ya fito ya gusa makirfo da faɗin yatsa biyu, ya koma. Dalili kuwa, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka bugu ɗaya ba ya isa ga makirfo duka a lokaci guda. In ba a lura ba, abin da wannan ya kama sai ya kashe na wancan, ka ji ganga ta zama fayau ba nauyi alhali a ɗakin tana girgiza ƙirji.

Amma yawan makirfo ba shi ne gwaninta ba. Ɗaya daga cikin gangunan da suka fi suna a tarihin rok, ta John Bonham a waƙar "When the Levee Breaks" ta ƙungiyar Led Zeppelin wadda ta fito a 1971, da makirfo biyu aka naɗe ta, an rataye su a saman matattakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila. Tsayin zauren da wata na'urar ƙara amo ne suka ba ta wannan amo.

Idan an shirya, kowa ya sa hedifon a kaɗa tare. Ana kai lasifikar jita wani ƙaramin ɗaki a rufe, don kada ƙararta ta kutsa cikin makirfon ganga. Jitar bes, mai kaurin sauti, sau da yawa waya kawai ake jonawa ta shiga na'ura kai tsaye. Mawaƙi yana rerawa a nan ma, amma muryar jagora ce kawai, za a zubar da ita. A yi waƙar sau uku, sau biyar, sau goma, a zaɓi wadda ta fi rai, ko a ɗauki farkon wannan a haɗa da ƙarshen waccan.

A nan ake wata gardama: a sa wa mai ganga ƙas-ƙas ɗin kwamfuta mai riƙe saurin waƙa a kunne ya bi, ko a bar shi? Sa shi yana sauƙaƙa yanka da liƙi, tunda kowane bugu yana kan layi. Ni dai a ganina, kiɗan jitar Agadas irin na Bombino da ka ambata ba ya son wannan takunkumi, domin daɗinsa shi ne yadda yake fara tafiya a hankali yana ƙara wuta har ya kai ga gudu. Shi Bombino ɗin, faifansa na 2013 a Nashville ta Amurka aka naɗe shi, Dan Auerbach ne furodusa.

Daga nan sai ɗori. Mai jita ya zauna shi kaɗai, an kafa makirfo dab da bakin lasifikarsa, galibi Shure SM57 wanda ake amfani da shi tun 1965. In aka saita shi tsakiyar lasifika sauti ya yi kaifi, in aka gusa gefe ya yi taushi. Akwai wata dabara da za ta yi maka amfani: a kaɗa abu ɗaya sau biyu, a tura ɗaya kunnen hagu, ɗaya na dama. Kwafa a kwamfuta ba ya ba da wannan faɗin, sai an sake kaɗawa da hannu, domin ɗan saɓanin da ke tsakanin biyun shi ake nema.

Murya ce ƙarshe. Mawaƙi ya rera sau da dama, a tsinci layi mai kyau daga kowane a jera. Su ma suna taɓa Auto-Tune, manhajar daidaita murya da ta fito a 1997, sai dai ɓoye shi suke yi don gyaran kuskure, ba kamar waƙoƙinmu na fim da ake barinsa a fili ya zama ado ba.

Duk wannan ɗori na'ura ce ta kawo shi. Ranar 11 ga Fabrairun 1963 'yan ƙungiyar Beatles suka naɗi waƙoƙi goma na faifansu na farko a yini ɗaya, a situdiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan, a kan tef mai layi biyu, wato wuri biyu kawai na naɗar sauti daban-daban. A 1967 layi huɗu suke da shi, in ya cika sai a tattara a juye kan wani tef a sami wuri. Cikin shekarun 1970 layi 24 ya zama ruwan dare, ana yanka tef da reza a liƙe. Yau manhaja irin Pro Tools ta ɗauke wannan iyaka.

Haɗa sauti shi ne a daidaita ƙarfin kowane layi, a rage wa bes inda yake danne babbar ganga, a buɗe wa murya wuri a tsakiyar jitoci. Mastarin kuma yawanci wani injiniya daban ake ba, mai sabon kunne, ya daidaita ƙarar waƙoƙin faifan baki ɗaya.

In ƙungiya ta zo maka kuma na'urarka makirfo biyu kawai take ɗauka, sa ɗaya a gaban babbar ganga, ɗaya a saman kan mai bugun, masu jita su tsaya kusa da shi yana ganin hannuwansu, ka fara naɗar gangar. Rataya barguna a bangon da ya fi dawo da amo, ka kashe fanka kafin ka danna.