Me ya sa tallafin lokacin masifa ba ya isa hannun mata masu sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk sanda annoba ko ambaliya ta afku, sai a ce an ware kuɗin ceto 'yan kasuwa, amma mu mata masu ƙananan sana'o'i sai dai mu ji a salansa. Ina matsalar take, kuma wane tsari ne zai amfane mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalar tana ƙofar da ake shigo da kuɗin. Galibi ta banki ake bi, shi kuwa banki sai ya ga takardar rajista, da lissafin ciniki a rubuce, da kadarar jingina. Mata da yawa ba su da ko ɗaya, don gida da fili ba kasafai suke da sunansu ba. Ko a Amurka, da aka buɗe rancen ceto ƙananan kamfanoni a 2020, waɗanda suka daɗe suna hulɗa da banki ne suka fara samu.

Dubi abin da Togo ta yi lokacin korona. A Afrilun 2020 ta ɓullo da shirin Novissi don masu sana'ar da ba ta da rajista. Da katin zaɓe da wayar hannu ake shiga, kuɗin ya faɗo cikin wayar. Da gangan aka fifita mata: sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Indiya kuma ta tura rufi 500 duk wata, har wata uku, cikin asusun banki na mata wajen miliyan 200. Kuɗin ba yawa, amma ya isa da wuri, saboda tun 2014 aka fara buɗe waɗannan asusun. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma asusun da sunan macen yake, abin da nake ba muhimmanci ƙwarai, domin jarin da ya biyo ta hannun wani yakan ƙare a wata hidimar daban.

A ganina, kuskure ne a miƙa wa mace sabon bashi alhali kasuwa a rufe take. Ba ciniki, da me za ta biya? Gara kyauta ko da kaɗan ce, sannan a ɗaga mata ƙafa kan tsohon bashi. Indiya ta ba da wata shida a 2020, sai dai kuɗin ruwa ya ci gaba da taruwa, nauyin yana nan yana jira.

Akwai kuma abin da masu tsara manufofi ke mantawa, wato raino da jinya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba a biya, mata ke yi. Idan aka rufe makarantu, ko an ba ta jari ba ta da sukunin juya shi. Saboda haka buɗe makarantu da wuraren raino da wuri shi ma tallafin kasuwanci ne.

Ke kuma tun yanzu ki buɗe asusu da sunanki, ki riƙa rubuta cinikinki, ki shiga ƙungiyar masu sana'a mai rajista, don jerin sunayensu ake fara nema idan an tashi rabo.