Ba IC ɗin ne ya mutu ba, ɗauko mita

Yarona, ka ce ka ba CD4066, IC ɗin nan mai makunnan lantarki a cikinta, wuta volt 12, Arduino, ƙaramin allon kwamfutar nan, ke ba ta umarni, ka sa volt 4 a ƙafa ta 1. In ka kashe, mita na nuna maka volt ɗaya da wani abu a ƙafa ta 2, yana hawa yana sauka. In ka kunna kuma 4 ɗin ba ta fitowa cikakkiya. Shi ne kake son in ba ka kuɗi ka tafi kasuwar Dole ka sayo wata, wai wannan jabu ce. Ajiye ƙarfen dalmar nan tukuna, kada ka ciro ta.

Fara da abin da ya fi ba ka tsoro, wutar da kake gani alhali ka kashe. Wannan IC ba makunnin bango ba ce. Idan ta katse hanya, ƙafa ta 2 ba ta komawa sifili, sakinta kawai ake yi, ba ta riƙe da sama ba ta riƙe da mas, wato layin sifili. Mitarka kuwa tana da juriya wajen megohm 10, kusan ba ta shan komai. To ko ɗan yoyon da bai wuce nano-ampa 100 ba ya bi ta cikinta, volt ɗaya cur za ta rubuta maka. Yoyon nan yana ƙaruwa da zafi, kusan ninki biyu duk ƙarin digiri 10, kuma ka san yadda rumfar kwanon nan take a watan Afrilu da Mayu a Damagaram, ma'auni ya haura 40. Ƙara da ƙurar da ta kwanta a kan allon da ragowar man dalma da ka bari tsakanin ƙafafu. Ga shi nan ina gani, ya yi ja kamar zuma. Goge shi da burushi da alkol. Sannan ɗaura rezistans kilo 100 daga ƙafa ta 2 zuwa mas, ka sake aunawa. In ta faɗo kusa da sifili, wutar ƙarya ce, IC lafiyarta lau. In ta tsaya daram, sai mu yi maganar gajeren haɗi ko ƙonewa.

Babban laifin yana ƙafa ta 13, mai umarni. Ɗora baƙar waya a ƙafa ta 7, ja a ta 14, ka tabbatar 12 ɗin ta iso, sannan ka koma ta 13. Biyar za ka gani, don iyakar ƙarfin Arduino ke nan. Ita kuwa IC irin wannan tana son umarnin ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ka ba ta: 3.5 in tana kan volt 5, 7 in tana kan 10, a kan 12 kuwa wajen 8 da rabi. Da biyar ɗinka ba ta san kunnawa kake nufi ko kashewa ba. Sa transisto BC547 a tsakani, da rezistans kilo 10 daga kolekta zuwa volt 12, kolektan ya tafi ƙafa ta 13. Ka dai tuna zai juya umarnin, sai ka gyara a cikin shirin Arduino. Kuma lalle mas ɗin Arduino da na IC su haɗu, yara da yawa nan suke faɗuwa.

Za ka ce to a mayar da IC ɗin kan volt 5 mana. Ana yi, amma akwai farashi. Ko a kunne tana da juriyarta: wajen ohm 470 a volt 5, 180 a volt 10, 125 a volt 15. Lissafa da kanka. In abin da ke gaba yana da kilo 1, volt 4 ɗinka za ta fito 2.7. Saboda haka ba a ja mata kaya mai nauyi, relay ko fitila. Op-amp, IC mai ƙarfafa sigina, ake sawa a bayanta.

Ƙafafu 5, 6 da 12 da ka bari a sake, ɗaure su a mas. Kondansa nano 100 tsakanin 14 da 7, dab da jikinta.

Ranar da za ka bi da sauti ta cikinta, irin na amfilifaya na masallaci da ake kawo mana, ka kiyaye: siginar ba ta da izinin sauka ƙasa da ƙafa ta 7 ko hawa sama da ta 14. Sauti yana sauka ƙasa da sifili, diyod ɗin kariya na ciki su fara wucewa da wuta a wajen volt 0.6, murya ta fito a shaƙe. Sai ka shigo da shi ta kondansa, ka zaunar da shi a volt 6 da rezistans biyu masu ƙima ɗaya. Haka in wuta ta ɗauke wa IC amma siginar na nan daga batir, za ta bi ta diyod ɗin ta fito a ƙafa ta 14.

Ɗauko rezistans kilo 100 ɗin, ruwan ƙasa, baƙi, rawaya, yana cikin gwangwanin can. Auna ka faɗa mini abin da ka gani.