Tambaya Da Amsa: Masu Bin Ƙwari Da Tsuntsaye Da Waya A Hannu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk daga masu sha'awar kallon ƙwari da tsuntsaye da tsirrai suka zo, na zaɓi biyar, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, tun bara na kamu da son ɗaukar hoton ƙwari, mazari ne, ƙoƙi-ƙoƙi ne, buzuzu ne, duk wanda na gani sai na tsuguna na ɗauka, har abokaina suna min dariya wai na zama ɗan bin ƙwaro. Yanzu wayata ta cika taf kuma rabinsu ban san sunansu ba. Dan Allah abin nan yana da amfani ko ɓata lokaci nake?

AMSA: Ƙanena amfani kam akwai shi, amma bari in fara da wanda ba zai maka daɗi ba, hotunan nan da ke jibge a wayarka har yanzu hotuna ne kawai, masana ba za su iya aiki da su ba sai an san me aka gani, a ina, yaushe, kuma wa ya gani. To abin da ya fi damunka, wato suna, shi ne ma mafi sauƙi a ciki, don ko bayan shekara 20 wani zai iya buɗe hoton ya ce ga sunan ƙwaron nan. Kwanan wata da wuri kuwa in sun ɓace shikenan, babu masanin da zai dawo maka da su. Saboda haka ka shiga saitin kyamararka ka ba ta damar adana wurin da aka ɗauki hoto, kuma ka sani in ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba turawa yana goge wannan bayanin, ka riƙe na asalin. Ka samu ɗan littafi kuma, ka riƙa rubuta abin da hoto ba ya nunawa: a kan wane tsiro ka same shi, me yake yi, ci yake ko barbara, guda nawa ne, an yi ruwa jiya ko ba a yi ba.

Su kuma abokanka ga labarin da za ka ba su. A birnin Krefeld na ƙasar Jamus akwai wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari, da yawansu ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kamar taka. Tun 1989 suke kafa wani tarko mai kama da ƙaramin tanti a wuraren da aka keɓe don kare halittu, tarkon iri ɗaya, yadda ake kafa shi iri ɗaya, abin da ya faɗa ciki su auna nauyinsa su rubuta su adana. A 2017 masana jami'a suka haɗa kai da su aka fitar da sakamakon wurare 63, sai ga shi nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekara 27. Duniya ta ɗauka, jaridu ko'ina. Ka lura fa, wannan lissafin bai ma buƙaci sunan ko ƙwaro ɗaya ba, sikeli ne da kwanan wata da naci.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce. Na ɗora hoton wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hoton halittu don a gane sunansu, ta ba ni suna na karɓa, washegari wani da ban sani ba ya zo ya canza ya ce ba shi ba ne. Gaskiya na ji haushi. Wa zan yarda da shi, na'ura ko mutum?

AMSA: Malama ki yi haƙuri, wanda ya canza miki ɗin nan taimakonki ya yi, haka tsarin yake tafiya. Sunan da manhaja ke bayarwa hasashe ne, ta kwatanta hotonki da tarin hotunan da aka koyar da ita da su ta kawo wanda ya fi kama, kuma inda masu ɗora hoto suka yi ƙaranci nan ta fi yin kuskure saboda ba ta ga halittun wurin da yawa ba. Mutane ne ke tabbatarwa. Sai fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka sa suna sun yarda a kan jinsi ɗaya, ga hoto ko sauti, ga kwanan wata, ga wuri, sannan bayanin ya hau matakin da ake amfani da shi a bincike, daga nan ne yake iya wucewa babbar taskar bayanan halittu ta GBIF mai hedikwata a Kofanhagen, inda masu bincike na duniya ke ɗiba kyauta. Ita kanta iNaturalist ɗin a 2008 ta fara a matsayin aikin digiri na biyu na wasu ɗalibai a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley.

Ban ga hoton naki ba amma ina da zato, don masu ruwan lemon nan akwai biyu da ke ruɗa kowa. Na farko Danaus chrysippus, tsutsarsa ganyen tumfafiya da danginta take ci, ta tara dafin ganyen a jikinta, har ta zama malam-buɗe-littafi dafin yana nan, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗanawa ba ya ƙarawa. Na biyu macen Hypolimnas misippus, ita ba ta da wannan kariyar, sai ta zo da kalar wancan sak har tsuntsaye na ƙyale ta, alhali namijinta baƙi ne mai manyan fararen ɗigo, in kin gan su tare ba za ki ce jinsi ɗaya ba ne. Abin da ya yaudari idon tsuntsu ai ba abin kunya ba ne ya yaudari waya. Ana raba su ne da ɗigon da ke fiffiken baya da yadda bakin fiffiken yake, shi ya sa hoto ɗaya daga sama bai cika isa ba, ki jira ya rufe fiffike ki ɗauki ƙasan ma.

Tsirrai ma haka. Tafasa da rai-ɗore duk furensu rawaya ne, dangi ɗaya ne, in fure kaɗai kika ɗauka za a yi ta gardama. Ganyen tafasa bakinsa a dakushe yake, ƙananan ganye shida bibbiyu, kwafsonta siriri ne dogo mai ɗan lanƙwasa, na rai-ɗore kuma ganyen mai tsini ne kwafson ya fi faɗi. Ki ɗauki tsiron gaba ɗaya, ki ɗauki ganye gaba da baya, fure, kwafso, ki ajiye biro a gefe don a gane girma. In ba ki da tabbas ki tsaya inda kika sani, ki rubuta ƙwaro ko tsiro kawai, ya fi ki danna "na yarda" a kan sunan da ba za ki iya kare shi ba, don wannan dannawar ita ce ke cusa kuskure cikin taska. Wanda aka shuka a tukunya ko lambu kuma ki nuna shukawa aka yi.

TAMBAYA: Na yi ritaya, kullum da safe ina zama ina kallon tsuntsaye, amma kurciya ce da hasbiya da belbela da hankaka, su ne dai kullum. Me zan rubuta a nan? Ina ganin sai wanda ya ga baƙon tsuntsu ne yake da abin faɗa.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba. Ni a ganina kai ne ma ke zaune a kan abin da ya fi tsada, mutum ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekara da shekaru. Baƙon tsuntsu daɗin labari gare shi, amma raguwar na kullum ba mai gane ta sai wanda ya ƙirga su tun suna da yawa. A Amurka an yi wata irin kurciyar daji da garkenta kan rufe rana in yana wucewa, ba wanda ya yi zaton za ta ƙare, ta ƙarshe ta mutu a gidan zoo na Sinsinati a 1914. Ungulu ma da wa ya damu ya ƙirga ta, ga shi a 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa jinsunan ungulun Afirka da dama a sahun waɗanda ke gab da ɓacewa, har da ƙaramar nan da ta saba da zama kusa da mutane.

Yadda za ka yi Baba, ka ware minti 15, ka rubuta lokacin da ka fara, ka rubuta duk tsuntsun da ka iya ganewa da ido ko da kuka da adadinsa, ba wanda ya burge ka kaɗai ba. Shafin eBird na shigar da jerin tsuntsayen da aka gani, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell ta buɗe tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon a 2002, in ka gama shigar da jerin zai tambaye ka ko wannan shi ne duka abin da ka gane, in ka ce e, to wanda ba ya cikin jerin ma ya zama bayani, wato an duba ba a gan shi ba. Ranar da shamuwa ta fara sauka da ranar da ka daina ganinta, ranar da gawo ya zubar da ganye, duk ka sa a littafi. Wani mutumin Ingila, Robert Marsham, ya fara irin wannan rubutun a 1736, yaushe itace kaza ya yi toho, yaushe tsuntsu kaza ya dawo, zuri'arsa suka ci gaba har 1958, yanzu masu nazarin sauyin yanayi da shi suke kwatanta abin da suke gani.

TAMBAYA: Malam yarona ɗan shekara 9 ya ishe ni da tara ƙwari da tsutsa a kwalba, ina tsoron wani abu ya cije shi. In hana shi ne?

AMSA: Hajiya kar ki hana shi, ki kafa masa doka dai. Abin da bai sani ba kar ya taɓa da hannu, ya kifa kofi mai haske a kai ya zura takarda ta ƙasa, ya kalla ya saki a inda ya ɗauko. Hangara ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata, tsutsa mai gashi tana sa ƙaiƙayi, nonon tumfafiya in ya shiga ido yana yin illa sosai, ya wanke hannu kafin ya taɓa fuska. Ɗaga dutse ko icce kuma sai da babba a kusa saboda kunama da maciji, a ɗaga gefen da ke nesa da ƙafa, a mayar da shi yadda yake. Tsutsar da yake son ya ga ta rikiɗa, ganyen tsiron da ya same ta a kai shi zai riƙa kawo mata sabo kullum, da yawansu gara su mutu da yunwa da su ci wani ganyen, ya rufe bakin kwalbar da ƙyalle ba murfi ba, ya zubar da kashinta, ya sa ɗan tsinke da za ta rataya. Maria Sibylla Merian, wata Bajamushiya mai zanen ƙwari, da haka ta fara tana shekara 13, da tsutsar siliki, tana zana kowane mataki tare da ganyen da tsutsar ke ci, a 1699 tana da shekara 52 ta hau jirgin ruwa zuwa Surinam a Kudancin Amurka don ta zana ƙwarin can. Ki saya masa littafi da fensir.

TAMBAYA: Na gano sheƙar wani babban tsuntsu da ƙwai a ciki, in sa hoton da wurin a intanet?

AMSA: Ɗan'uwa hoton daga nesa, wurin kuma a'a. Yawan zuwanka ma yana iya sa uwar ta tashi ta bar ƙwan a rana, kuma sawun da kake bari hanya ce ga mai neman kamawa ya sayar. A iNaturalist akwai zaɓin ɓoye wuri, jama'a za su ga wani fili ne mai faɗin kusan kilomita 20 maimakon ainihin wurin, jinsunan da ke cikin haɗari ma manhajar da kanta take ɓoye wurinsu. A Facebook babu wannan, kuma ko ba ka faɗi wuri ba ginin da ya fito a bayan hoton zai faɗa. Ka rubuta a littafinka yanzu, ka ɗora bayan 'ya'yan sun tashi.