Amsa: Gwajin PCR na ƙwai ya fi na ruwa?

Malam, ka ce kana da kaji masu ƙwai a nan Maradi, kana tambaya ko tsoma ƙwai a ruwa ya isa ya nuna lafiyarsa. Bai isa ba. Ruwa tsufan ƙwai kawai yake nunawa: tsoho ya taso sama, sabo ya nutse. Ƙwayar cutar Salmonella kuwa takan shiga ƙwai tun yana cikin kaza, kafin ɓawo ya rufe. Sai ka fasa ka ga gwaiduwa jawur, babu wari, alhali tana ciki.

Gwajin PCR kuwa, wato neman sinadarin gadon ƙwayar cutar, a ɗakin gwaji ake yinsa: ana fasa ƙwai da yawa a haɗa, a zuba cikin ruwan renon ƙwayoyin cuta ya kwana a ɗumin digiri 37. Washegari a ciro sinadarin gado na DNA, na'ura ta yi ta ninka wani yanki nasa har ya bayyana. Kwana ɗaya zuwa biyu an gama, tsohuwar hanyar reno a faranti kuwa takan ci kwana huɗu ko biyar. Aibin PCR: ko matacciyar ƙwayar cuta yana iya kamawa, don haka akan tabbatar da reno.

Ni dai da kashin kaji da ƙurar ɗaki zan fara aikawa, can ƙwayar cutar ta fi saurin bayyana. Ka tuntuɓi ma'aikatan kiwo su haɗa ka da LABOCEL, babban ɗakin gwajin dabbobi da ke Yamai.

Kafin nan, daina wanke ƙwai da ruwan sanyi, yana tura datti ciki. Mai shayinka ma ka ce ya soya har gwaiduwa ta daskare.